Mai Roƙon Hazo

Duk ranar Lahadi, in an fito daga coci a Pakdal, kowa sama yake kallo, yana fatan rana ta tsaya har yamma. Mutum ɗaya ne a garinmu yake roƙon akasin haka a cikin zuciyarsa: Sinong Palangdan, manomin kabeji, mai tsaron bayan fili a ƙungiyar besbol ta gari, wasan nan da ake buga ƙwallo da sanda. Shi hazo yake roƙa. Ba kuma ɗan siririn nan da iska ke kwashewa ba, a'a, mai kaurin nan da in ka miƙa hannunka sai ka yi shakkar ko naka ne.

Filin namu ba abin nuna wa baƙo ba ne. Shi kaɗai ne wurin da ƙasa ta yarda ta kwanta a duk kan tsaunin, kuma masu haƙar zinariya na zamanin kakanninmu ne suka daddale shi da shebur. Turawan da suka kawo wasan sun daɗe da tattara komatsansu, ramukan sun rufe, wasan ya ƙi tafiya. A can bayan filin, inda Sinong yake tsayawa, akwai katangar dutse iya gwiwa, daga ita sai gonakin kabeji suna sauka hawa-hawa har cikin kwari. Daga kwarin nan hazo yake tasowa da zarar rana ta karkata. Yana hawowa a hankali kamar tsohuwa a matakala, ya huta a wannan gona, ya huta a waccan, sannan ya tsallako katanga. Sinong yake fara haɗiyewa.

A birni, in aka daina ganin masu tsaron baya, sai alƙali ya ɗaga hannu a tashi wasa. Mu in muka ce sai sama ta washe, to a shekara sau nawa za mu yi wasan? Rabin shekara ruwa da mahaukaciyar guguwa ne, sauran rabin sanyi da hazo. Saboda haka muke da tamu al'adar. Muddin mai jifa yana ganin mai bugu, wasa na nan. Amma da hazo ya rufe bayan fili, kowa sai ya yi shiru. Masu buga gangsa, farantan tagullar nan namu na biki, su kifa su a cinya. Mata su toshe bakin goyonsu da nono, a kori karnuka, mai tari ya haɗiye tarinsa. Aikin mai tsaron baya shi ne ya cafe ƙwallon da aka ɗaga sama kafin ta taɓa ƙasa, in ya cafe mai bugu ya fita, kuma a cikin hazo da kunne kaɗai ake wannan aikin. Ko baƙi suka zo, sun san dokar. Ba a taɓa rubuta ta ba, ba a kuma taɓa karya ta ba.

A wurin ubansa Sinong ya koya. Tsohon ya fito daga ramin zinariya da tari a ƙirji da wata tsohuwar safar hannu ta fata, iyakar abin da ya samu ke nan. Yakan tsayar da yaron a bakin katanga, ya koma can gaba da sanda.

"Rufe idon! Na ce rufe, ina ganinka kana leƙe. In ta ce tas, juya ka gudu baya. In ta ce ɗuf, taho gaba. In kuwa ka ji mai bugu ya yi ashar, to sanda ta cije masa hannu, ƙwallon ba inda za ta."

Haka ya tashi ya san ƙwallo yadda makiyayi yake sanin halin dabbarsa. Ya san a watan Janairu takan yi tauri kamar ɗanyar gwaba, ta zama malalaciya, bugun da zai tsallake katanga a watan Afrilu sai ya faɗo tun bai kai ba. Ya san in ta sha hazo takan yi nauyi, ta taho tana wani ɗan huci a iska, siririn sauti wanda sai wanda ya riƙe numfashinsa yake ji. Ya san mai jifan da yatsunsa suka sandare ba ya iya murɗa ta, shi ya sa masu jifanmu suke ajiye gasasshen dankali mai zafi a aljihun baya, su riƙa dumtsa tsakanin jifa da jifa, in an tashi su cinye abinsu. Masu kallo kuwa a ƙudundune suke cikin barguna, kowane gungu da gwangwanin wutarsa na itacen saleng, hanci na yoyo, baki bai fasa tsiya ba. Mu mutanen Pakdal ba ma raga wa ko ɗan cikinmu in ya saki ƙwallo.

A bakin filin nan ya samu mata. Kolasa tana budurwa take sayar da kofi a kan wani ɗan tebur mai ƙafa uku da dutse, har yau kuma teburin ne, dutsen ne dai aka canza. Sun haifi 'ya'ya, 'ya'yan sun sauka birni ɗaya bayan ɗaya, wata ma ta haye jirgi zuwa ƙasar waje. Wata shekara guguwa ta zabtare kusurwar filin ta zuba ta a gonar mutane, Sinong na cikin waɗanda suka yi ta ɗauko duwatsu a baya har aka mayar da ita. Abokan wasansa na farko duk suka koma benci, gwiwa ta ci wannan, giya ta ci wancan, wasu suka koma maƙabartar bayan coci inda ba a dawowa. Shi yana nan. Ya ba hamsin baya da nisa, gudunsa ya ragu, amma yana fara gudun tun kafin samari su gane inda ƙwallo ta nufa, saboda haka yake riga su isa.

In ka tambaye shi me yake ji a cikin hazon, ba zai iya faɗa maka ba, don ba mai yawan magana ba ne. Amma ga yadda abin yake. Da farin ya rufe shi, gari yakan ɓace. Babu gona, babu ciwon baya, babu shekaru. Ƙasa kaɗai ce a ƙarƙashin ƙafarsa, sai sanyin ruwa yana taruwa a gashin idonsa, sai ƙamshin hayaƙin saleng yana zuwa daga wani wuri da ba shi da gabas ba shi da yamma. Cikin shirun nan yakan ji kamar filin ya buɗe ya wuce katanga, ya wuce kwari, ya tafi har inda ba iyaka, kuma duk waɗanda suka taɓa tsayawa a wurin suna tsaye tare da shi, kowa a duƙe, hannu a gwiwa. Wani lokaci har tarin ubansa yake ji daga dama, ɗan gajeren tarin nan na mai ƙoƙarin ɓoyewa. Ba ya tsorata. Daɗi yake ji, irin wanda ba ya ji ko a coci. Sannan sanda ta ce tas, ya tafi, ya miƙa hannu cikin fari, ƙwallo ta zo ta zauna. Ya fito daga hazon yana ɗage da ita, gangsa ta ɓarke.

To, shekara biyu da suka wuce sai hazon ya fara bin sa gida.

Da farko wani ɗan tabo ne a tsakiyar duk abin da ya kalla, kamar an shafa toka da ɗan yatsa. Ya wanke ido, ya sa ruwan ganye, tabon ya ƙara faɗi. Fuskar mutum ta fara gagarar sa, yana ganin kunnuwa da kafaɗu, tsakiya babu. Ya fake da kai kabeji kasuwa ya sauka birnin Baguio shi kaɗai, ya ga likita. Likitan ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yanar da ake cirewa ba ce, can ciki ne abin yake lalacewa, kuma ba ya komawa baya. Sinong ya yi godiya, ya sayi burodi ya hau mota. Bai gaya wa kowa ba, har Kolasa.

Ba makanta ce ta fi ba shi tsoro ba. Gonarsa ya san ta da tafin ƙafa, gidansa ma haka. Abin da yake tsoro shi ne ranar da Bentres, kyaftin ɗin ƙungiya, zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Manong, babban yaya, ka huta haka." Samari na nan a layi suna jiran wurin. Sauran tsofaffi in sun koma benci suna da kallo, su yi gardama, su zagi alƙali. Shi in ya zauna, me zai kalla? Bayan filin nan, cikin hazo, shi ne wuri ɗaya da ya rage a duniya inda ba wanda ya fi shi ido. In aka gane, an raba shi da wurin ke nan.

Sai ya shiga dabara. In rana ta yi ƙarfi a farkon wasa, yakan karanta jikin mai bugu da gefen ido, ya matsa kusa da yaron da ke tsaron tsakiya, ya riƙa yi masa ihu, "Taka ce! Taka ce!" kamar mai koyarwa. Ya lallaɓa haka har hazo ya zo ya cece shi. Kuma bana Allah ya yi masa gata, ba Lahadin da hazo ya makara. Mutane na ta ƙorafi, wanki ba ya bushewa, yara na mura. Sinong na taya su ƙorafin a baki, a ciki yana godiya.

Saura wasa ɗaya, da 'yan Amsalong, ƙauyen da ke gangaren hanya. Ran Asabar da yamma iska ta ɗauke ɗif. Hayaƙin kowane gida ya miƙe sama sambal. Sinong yana wanke ƙafa a bakin famfo ya ji sanyin ya canza hali, ya bar jiƙa ya koma cizo. Duk manomin tsauni ya san abin da wannan yake nufi.

Gari bai gama wayewa ba Kolasa ta girgiza shi.

"Lakay, tsohona, tashi. Andap ta sauka."

Suka fito. Raɓa ta daskare a kan komai, ganyen kabeji ya yi fari fat, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. In rana ta taɓa ganyen a haka sai ya ƙone ya yi baƙi, dole a wanke shi da ruwa tun ba ta leƙo ba. Ko'ina a gangaren ana jin ƙarar bokitai da kiran yara. Sinong ya saɓa sanda mai gwangwanayen ban ruwa biyu, ya shiga layi. Yatsunsa suka mutu tun a zuwan farko.

"Wannan layin ai ka jiƙa shi," in ji Kolasa daga bayansa. "Na gaba."

"Na sani. Ƙari nake yi masa."

"To ƙara. Kabejin nan sai ya koyi iyo."

Ya matsa layi na gaba. Suka yi ta yi, numfashinsu na fita kamar hayaƙi. Da rana ta ɓullo sun ceci na sama, na ƙasa kuwa ya tafi. Kolasa ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon asarar, sannan ta ɗaga kai. Shi ma ya ɗaga. Ko da idon nasa ya ga abin da ya gani, shuɗi tas daga wannan tsauni zuwa wancan, babu ko ƙyallen gajimare. Ranar da andap ta sauka haka take wuni. Hazo ba ya tasowa sai dab da faɗuwar rana, in ma ya taso.

"Ka ce wa Bentres ƙafarka na ciwo yau," in ji ta.

"Ƙafata lafiyarta ƙalau."

"Ai shi ya sa na ce ka ce. Da tana ciwo ai ba sai na koya maka ba."

"Baket, tsohuwata, wasan ƙarshe ne. Kuma da 'yan Amsalong."

"Na ji. Je ka. Ni dai na faɗa, bakina ya huta."

Ya tsaya yana sauraron bayan maganar tata, ko akwai wani abu a ciki. Ta riga ta juya tana tattara bokitai.

'Yan Amsalong suka iso a bayan motar kayan lambu, da gangsarsu da bakinsu. Su ma andap ta yi musu ɓarna, kowa ya zo da haushin da yake son saukewa. Fili ya cika. Tsofaffi suka cire barguna suka shanya ƙafafu a rana, wata baiwar Allah har tana cewa yau kam za a ga wasa da ido ba da zato ba.

"Kai! Lakay Sinong!" wani ya ƙwala daga kan motar. "Har yanzu kana nan? Mun zaci an kafa ka ne don korar tsuntsaye!"

"Ina nan," in ji Sinong. "Ubanka ma a nan na fitar da shi, kai ma zo."

Aka yi dariya, ya taka zuwa wurinsa. Bai taɓa jin nisan wurin ba sai yau. Rana ta farfashe a idonsa kamar an watsa gilashi, tsakiya toka, gefe walƙiya. Mai bugu ya zama wani ɗan duhu da yake zuwa yana ɓacewa. Gangsa kuwa daga ɓangare biyu, da ihu, da fito, har ƙasa na amsawa. A cikin wannan hayaniya ko bindiga aka harba ba zai san daga ina ba.

Sanyi ya taimake shi da farko. Ƙwallo ta yi taurin kai, duk wanda ya buga sai ya yar da sanda yana yarfe hannu, ba abin da ya wuce tsakiyar fili. Sinong yana tsaye yana juya hanci wajen kwari, yana shaƙa, ko zai ji ɗanshin nan da ke riga hazo zuwa. Iska a bushe take ƙayau. Ya yi roƙo, ya yi alkawari, har kaza ya yi wa kakanni alkawari a ɓoye, shi da yake zaman gaba a coci.

Da rana ta ɗumama ƙwallon sai ta fara tashi. A zagaye na uku ya ji ihun ya canza, ya juyo kansa, ya gane an ɗago masa ita. Ya ɗaga kai. Sama kawai. Ya yi taku gaba, ya yi baya, ya tsaya da hannu a buɗe kamar mai jiran sadaka. Ta faɗi tim a hagunsa, kusa ƙwarai, ya lalubo ta a ciyawa ya jefa. Kafin nan mai bugu ya kai zango na biyu, cikin ukun da ake zagayawa kafin a dawo gida, yana rawa.

"Barci kake, tsoho? A kawo maka bargo?"

'Yan Amsalong ke nan. Daga ɓangaren Pakdal kuwa, mutanen da suka taɓa bin mai tsaron zango har gida da zagi, ba wanda ya ce uffan. Wannan ya fi zagin yi masa ciwo. Ya ce a ransa tsufansa suke tausayi, ya cije leɓe. Kunya ta rufe shi, ga tsoro, don ya san wata na zuwa.

Ta zo a zagaye na gaba. An fitar da biyu, saura ɗaya, ga mutum biyu a kan zango, sai aka kira Dagson, wani ƙato mai lodin buhuna, bahago, wanda duk bugunsa wajen Sinong yake zuwa. Yau ga rana, ga ƙwallo ta yi laushi. Sinong ya duƙa, ya dafa gwiwa. Zuciyarsa na bugawa tare da gangsa.

Sai gangsa ɗaya ta yi shiru.

Wata ta bi ta. Ihun ya fara janyewa daga ɓangaren Pakdal, benci bayan benci, kamar ruwa na tsanyewa a rariya. Wani jariri ya fara kuka aka toshe. Aka ce wa kare kai, ya tafi. 'Yan Amsalong suka ci gaba su kaɗai na ɗan lokaci, kiɗansu ya rame, ya yi tuntuɓe, wani ya yi tambaya da ƙarfi, aka amsa masa ƙasa-ƙasa. Su ma suka kifa nasu.

Daɗi ya tsarga wa Sinong har tafin ƙafa. Ya zo! Hazo ya zo, ya lallaɓo ta baya bai ji shi ba. Ya saki kafaɗu, ya lumshe ido, filin ya fara buɗewa yadda ya saba, ya wuce katanga, ya wuce kwari. Ya jira sanyin ruwa a gashin idonsa. Ya jira. Abin da ya ji shi ne rana, zafinta a kan ƙeyarsa, da busasshiyar ciyawa tana ƙamshi. Ya buɗe ido ya duba ƙasa ta gefe, ga inuwarsa nan baƙa ƙirin a kwance.

Babu hazo. Gari guda ne ya yi shiru da rana tsaka, kuma shi aka yi wa.

Ya ji mai jifa ya ja numfashi. Ya ji takalminsa ya murza ƙasa. Tas! Ƙafafunsa ba su nemi shawararsa ba, suka juya suka gudu baya, suka karkata dama, suka rage gudu da suka ji ƙasa ta fara tudu kusa da katanga. Busasshiyar ƙwallo ba ta huci, amma ya riga ya san inda za ta. Ya miƙa hannu. Ta shiga da ƙarfi, zafin ya ratsa har gwiwar hannu.

Fili ya fashe. Har 'yan Amsalong suna buga gangsa, Dagson na cewa a duba safar tsohon nan, akwai asiri a ciki. Sinong bai ɗaga ƙwallon sama ba. Ya tsaya riƙe da ita a bakin katanga, yana jin wani abu mai nauyi yana sauka a ƙirjinsa. Bai taɓa sanin ana son sa haka ba, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba. Ya taho a hankali. Bentres ya tare shi tun kafin ya iso benci.

"Manong! Wannan kamun ai sai an ba jikoki labari!"

"Tun yaushe ka sani, Ading, ƙanena?"

"Ka ga yadda ka juya kuwa? Ko yaro..."

"Tun yaushe, na ce."

Bentres ya sosa ƙeya. "Tun bara. Ranar da ka tsaya a bakin hanya ka gaida buhunan takin da na jingina, har ka tambaye su ya iyali."

"Kai kaɗai ka sani?"

"Haba, Manong. Pakdal ce fa. Har Fada ya sani." Ya rage murya. "Ba wanda ya shirya abin nan na yau, na rantse. Haka kawai ya zo. Amma ka ga ya yi. Za mu iya yin sa kowace Lahadi, da rana ko ba rana. Ba wanda zai ji nauyi."

Sinong ya so ya ce to. Kalmar har ta zo bakinsa. Ya tsaya yana sauraron filin, yadda gangsa take tashi kamar an kwance ta daga turke, yadda wata tsohuwa take surfa wa alƙali zagi tana dariya, yadda yara suke tsalle a kan katako.

"Mutanen nan mako guda suka yi a duƙe," ya ce. "Da asuba andap ta cinye musu rabin gona. Sun hawo nan su yi ihu su huce, ni kuma in ɗaure musu baki rana na sama? In hazo ne, kowa ya san hazo ne. Wannan ni ne."

"Manong, ka bari a gama na yau mana."

"Sa yaron gidan Alos a wurina. Yana da gudu, hankali ne babu, shi kuma hankali yana zuwa. Ka ce masa ƙwallon ta yi ɗumi, ya ja baya."

Ya bi gefen igiyar da ta raba fili da masu kallo, yana taɓa ta da yatsa, har ƙamshin kofi ya tsayar da shi. Ya tsaya a gaban teburin.

"Matsa."

Kolasa ta matsa. Ya zauna a kan bencin, karo na farko a rayuwarsa ana wasa yana zaune a wannan gefen igiyar. Ta zuba kofi, ta kamo hannunsa ta sa kofin a ciki, ta naɗe yatsunsa a kai. Sai yanzu ya lura ta daɗe tana ba shi kofi a haka.

"Baket," ya ce. "Ba na gani."

"Na sani."

"Ke kika fara sa su shiru?"

"Ni kofi nake sayarwa. Sha tun bai huce ba."

Ya kurɓa. A fili an koma wasa, sanda ta yi ƙara, ihu ya tashi ya rufe komai. Ya karkata kai, ya kasa tsinto ko abu ɗaya a ciki.

"To faɗa mini. Me ake yi?"

Ta leƙa filin. "Wani ya buga."

"Wa?"

"Mai jar hular nan. Yana gudu. Ga wani ma can yana gudu, ban san abin da ya kore shi ba."

"Namu ne ko nasu? A wane zango yake?"

"Lakay, ni ina na san zangonku? Ga shi nan dai ya faɗi a ƙasa, wani yana taɓa shi da safa, kowa na ihu."

Sinong ya ajiye kofin a gwiwa. "Shekara talatin da ɗoriya kina zaune a bakin filin nan! Ba ki san ko an fitar da mutum ba?"

"Wa ya ce maka wasa nake kallo?" Ta goge teburin da ba abin da ya zuba a kansa. "Ni can nake kallo, bakin katanga. In hazo ya rufe ka, sai in kalli hazon har ka fito."

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. Can ya share hanci da bayan hannu, ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tata.

"Kin ga wanda ke tsaye a tsakiya, a kan ɗan tudun nan, da ƙwallo a hannu?"

"Na gan shi. Yana cin dankali."

"Shi ne mai jifa. Daga shi ake farawa. In ya ɗaga ƙafa ki gaya mini."

Kolasa ta ture butar kofi gefe, ta sa hannu ta kare rana daga idonta.

"Ya ɗaga," ta ce.